Kifin katakona yana birgima a ruwa: laifin itacen ne ko na leɓe?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Wata huɗu ke nan da na fara sassaƙa kifin katako na yaudarar kifi, wanda ake rataya wa ƙugiya a jefa a ja, don sha'awa kawai. Na yi guda takwas. A ido sun yi kyau, har abokaina na cewa kamar na kamfani. Amma shida daga ciki, da na jefa na fara jan zare, sai su kwanta da gefe su riƙa birgima har su taso saman ruwa, zare duk ya murɗe. Biyun da suka yi iyo sosai kuma, bayan fita uku fentinsu ya tsattsage, suka yi nauyi suka daina tasowa. Shin katakon ne bai dace ba, ko leɓen da na saka musu? Ko kuwa in haƙura in koma sayen na kanti?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka haƙura tukuna. Tambayarka ɗaya ce a baki, amma ciwo biyu ne a cikinta, kowanne da maganinsa. Shidan da ke birgima daidaitonsu ne ya ɓaci: ko dai nauyin bai zauna inda ya kamata ba, ko leɓen, wato ɗan farantin nan da ake sakawa a ƙarƙashin hancin kifin, ya karkace, ko kuma ya fi ƙarfin jikin. Biyun da suka tsattsage kuwa ruwa suka sha, domin an yi musu fenti tun ba a toshe ƙofofin itacen ba. Katakon da kake zargi shi ne na ƙarshe a cikin waɗanda nake tuhuma, ko da yake zan zo kansa.

Akwai wata magana a saƙonka da ta ba ni dariya, don ta tuna mini da kaina: "a ido sun yi kyau". Daga nan na gane cewa sai da ka gama fenti da ƙyalli sannan ka kai su ruwa. Haka na yi a farkon farawata. Na kashe kusan mako guda a kan ƙwaya ɗaya, na zana masa ɓawo ɗaya bayan ɗaya, na saka masa ido kamar zai ƙifta. Jifar farko ya dinga juyawa kamar farfelar fanka. Haushi ya sa na tsaga shi da zarto daga hanci zuwa wutsiya, sai ga ramin dalmar da na saka don ba shi nauyi ya kauce daga tsakiya da abin da bai wuce milimita biyu ba. Tun daga ranar ban sake ɗora burushi a kan kifin da bai yi iyo tsirara a gabana ba.

Abin da ke kiran babban kifi

Kifin da ke farautar 'yan'uwansa, irin su giwan ruwa da tsage, ba da ido kaɗai yake aiki ba. A gefen jikinsa akwai wani siririn layi da ya taso daga bayan kai zuwa wutsiya, cike da ƙananan jijiyoyi masu jin motsin ruwa. Da shi yake kai cafka a gurɓataccen ruwa ko cikin dare. Kaɗawar ruwa ce ke fara jan hankalinsa, launi sai ya matso kusa.

Mutumin da sunansa ya fi fita a wannan harka, Lauri Rapala, masunci ne talaka a tafkin Päijänne na ƙasar Finlan. Abin da ya lura da shi daga cikin jirginsa shi ne, idan babban kifi ya faɗa cikin garken ƙanana, mai rauni yake zaɓa, wanda ke tafiya yana tangaɗi. A 1936 ya sassaƙa kifinsa na farko da wuƙar baduku daga ɓawon nan marar nauyi da ake toshe kwalba da shi, ya lulluɓe shi da ƙyallin takardar cakulan, ya narka tsohon fim ɗin hoto ya shafe shi da shi don ba shi da varnish. Kafin shi, a garin Dowagiac na jihar Michigan a Amurka, wani mai kiwon zuma, James Heddon, ya riga ya fara sassaƙa irin waɗannan tun a shekarun 1890, har abin ya zama kamfani a 1902. Ka ga babu ɗayansu da ya fara da kayan aiki na kirki. Abin da Rapala ya bi sawunsa yana fiƙewa yana gwadawa shi ne wannan tangaɗin, kuma har yau kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana tinƙaho da cewa ana gwada kifayensa a tankin ruwa, a daidaita su da hannu, kafin su shiga kwali. Idan masu injin da ke fitar da dubbai iri ɗaya ba su yarda da idonsu ba sai sun tambayi ruwa, ina ga ni da kai da ke aiki da wuƙa?

Kokawar da ke haifar da tangaɗi

Ga yadda nake fahimtar abin, kuma idan ka riƙe wannan, rabin matsalarka ta warware. Idan ka ja zare, ruwa yana dukan leɓen, ya danna hancin ƙasa, sannan ya nemi hanyar zamewa. Sai ya zame ta gefe ɗaya, ya ture kifin ya karkata. Nauyin da ke cikin ciki kuma ya janyo shi ya miƙe, har ya ɗan wuce, ruwan ya zame ta ɗaya gefen. Haka suke ta yi, leɓe na neman kayarwa, nauyi na neman tayarwa. Wannan kokawar ita ce tangaɗin da muke nema. Idan leɓe ya yi galaba, kifin ya birgima, kamar naka. Idan nauyi ya yi galaba, sai ya taho sandandan kamar an ja kara. Kifi mai kyau yana zaune ne dab da bakin faɗuwa, bai dai faɗi ba.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, ka koma ruwa da shidan nan ka ja kowanne a hankali a gefen ƙafarka, da zare kamar mita biyu, kana kallo. Wanda kullum gefe ɗaya yake kwantawa, ko a hankali ko da sauri, wani abu ne ya karkace a jikinsa. Wanda ke tafiya lafiya a hankali, amma da ka ƙara sauri sai ya kife, yau ta dama gobe ta hagu, wannan a miƙe yake, leɓensa ne ya yi yawa ko dalmarsa ta yi kaɗan. Wannan rarrabewar ta minti goma za ta hana ka gyaran gangar auzinawa, inda za ka yi ta yanke leɓen da ba shi da laifi.

Nawa za a saka, kuma a ina

Ba ka faɗi ko ka saka musu dalma ba. Da yawa daga masu farawa ba sa sakawa, suna tsoron kada kifin ya nutse. Kifin katako marar nauyi a ciki kamar kwalekwale ne da aka ɗora wa kaya a sama, ƙaramar igiyar ruwa ta ishe shi.

Ba sai ka yi ƙiyasi ba, akwai hanyar aunawa, kuma tsohuwa ce, tun zamanin Arkimidis na Girka sama da shekara 2000 da suka wuce. Ka zuba ruwa a kofi, ka ɗora a kan sikelin lantarki mai auna giram, ka mayar da shi sifili. Ka soki jikin kifin da allura, bayan ka shafe shi da abin hana shan ruwa, ka danna shi har ya nutse duka ba tare da ya taɓa gindin kofin ko gefensa ba. Lambar da ta fito ita ce nauyin ruwan da ya ture. Idan nauyin kifin gaba ɗaya, da waya da leɓe da ƙugiyoyi da fenti, bai kai wannan lambar ba, zai taso. Idan ya wuce ta, zai nutse.

Bari in ba ka misali da girman da na fi yi, mai tsawon santimita tara ko goma. A ce ya ture giram 14. Idan da balsa aka yi shi, wato wani itace mai sauƙi ƙwarai, wanda nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin shida ne na ruwa, jikin da abin shafawarsa ba zai wuce giram biyu da rabi ba. Waya da leɓe da zobba da ƙugiyoyi biyu da fenti da rufin ƙarshe, a ce giram biyar. Ka ga muna wajen bakwai da rabi, ke nan ina da sararin saka dalma giram uku ko huɗu, kuma har yanzu yana tasowa da hanzari. Idan da katakon fayin ne, wanda nauyinsa ya kusa rabin na ruwa, jikin kaɗai ya haura giram shida, sararin da ya rage na dalma bai fi giram ɗaya ko biyu ba. Idan kuma da katako mai nauyi irin maɗaci ka yi, jikin zai kai giram goma, da ka rataya masa ƙarafunansa ya riga ya nutse tun ba ka saka dalma ba. A nan ne laifin katako yake shigowa. Itace mai sauƙi yana bar maka nauyin a hannunka, ka tara shi wuri ɗaya a ƙasan ciki. Itace mai nauyi ya riga ya watsa nauyin ko'ina, har da gadon baya inda ba a son sa.

Wurin sakawa kuwa, ƙasa-ƙasa iya yiwuwa, a kan layin tsakiya cif, tsakanin leɓe da ƙugiyar gaba ko kewaye da ita. Yadda nake nemo wurin ba shi da wani asiri. Ina rataya ƙugiyoyin da zan yi amfani da su, domin su ma nauyi ne, in ɗaure guntun dalma a ƙasan cikin kifin ta waje da roba ko salatif, in saka shi a bokiti. Ina son ya zauna a kwance, hancinsa ya ɗan sunkuya, leɓen duka a cikin ruwa, bayansa kaɗan a waje. Idan hanci ya ɗaga sama, leɓen ba zai ciji ruwa ba a farkon ja. Sai in kife shi ciki sama in sake shi. Mai kyau nan take zai juyo, fat ɗaya. Wanda ya tsaya yana shawara, ko ya tsaya a kaikaice, da saura. Ina ta matsar da dalmar gaba da baya har sai ya yi, sannan in yi alama da fensir in huda. Matsar da ita wajen wutsiya yana ƙara nisan jifa, amma yana rage tangaɗi, sai ka zaɓi wanda ka fi buƙata.

Tunda dalma ta shigo, bari in ja kunnenka. Guba ce. Kada ka datse ta da haƙori, ka wanke hannu bayan ka taɓa ta, kuma kada ka bar gutsattsarinta inda yara ke wasa. Tana narkewa a zafin digiri 327 na ma'aunin Selsiyos, kuma ɗigon ruwa ɗaya idan ya faɗa cikin narkakkiyarta zai fallatso maka ita a fuska. Ni na daina narkawa, ina huda rami in cusa ƙananan ƙwallayen dalma da aka riga aka yi, in toshe da gam. Ƙwallayen boris na ƙarfe ma suna aiki, sai dai ba su kai ta nauyi ba, don haka ramin zai fi girma. A Ingila tun 1987 aka haramta yawancin ƙananan dalmar kamun kifi saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiyar ta suna mutuwa.

Leɓe da idon zare

Idan aka ce in yi caca a kan shidan nan ba tare da na gan su ba, zan ce aƙalla rabinsu leɓen ne ya karkace, kuma na san dalili. Ka gama sassaƙa jikin ya zama mulmulalle, sannan ka ɗauki zarto ka yanka masa ramin leɓe. A kan abu mulmulalle hannu ba ya yanka daidai, komai ƙwarewa. Ramin leɓe da wurin ido, duk ana yin su ne tun katakon yana da kusurwa huɗu, lokacin da za ka iya kwantar da shi a tebur ka auna da sukwaya. Ka zana layin tsakiya ya zagaye shi, ta baya da ta ciki, kuma kada wuƙa ko samfefa su goge layin nan har ka gama. Duk inda ya ɓace, ka sake zana shi. Ka fiƙe gefen dama sau uku, ka fiƙe na hagu sau uku, kana ɗaga shi kana hangensa ta hanci kamar mai saita bindiga.

Leɓen kansa dole ɓangarorinsa biyu su zama tagwaye. Ina ninke takarda biyu in yanka rabin siffar, in buɗe, in manna a kan robar in bi layin. Robar da ta fi dacewa ita ce polikabonet mai kaurin milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, don tana jure dukan dutse. Robar akwatin faifan CD tana ruɗar mutane saboda tana da haske, amma tsagewa take yi a karon farko. Siririn farantin alminiyom ma yana yi, har yana da wata fa'ida, kana iya lanƙwasa shi a bakin ruwa.

Game da siffa, leɓen da ya sunkuya ƙasa sosai, ya kusa yin kusurwar sukwaya da jikin, yana riƙe kifin a saman ruwa yana tayar da igiya. Dogon leɓen da ya miƙe gaba a layin jikin yana nutsar da shi ƙasa. Mai faɗi yana ba da tangaɗi mai faɗi, siriri yana ba da kakkarwa. Mai farawa ya tsaya a tsakiya: kusurwa kamar digiri 45, faɗin kada ya wuce faɗin jikin da wani abin kirki. Kuma kada ka saka gam sai an gwada. Ka naɗa wa gindin leɓen ɗan salatif ya shiga ramin da ƙyar, ka yanka uku masu girma daban-daban, ka tafi da su ruwa a aljihu. Ragewa tana da sauƙi, milimita ɗaya a kowane gefe da magagari, ƙari ne ba ya yiwuwa.

Sai idon da ake ɗaura zare, ɗan madaukin wayar nan da ke hanci. Ƙanƙane ne, amma shi ne linzamin. Idan kifin yana iyo amma yana janyewa gefe ɗaya, ka riƙe shi hancinsa na kallonka, kamar yadda yake zuwa maka a ruwa, ka kama idon da filaya ka matsa shi zuwa ɓangaren da kake son kifin ya koma. Na ce matsawa, ban ce lanƙwasawa ba. Idan idonka ya ga wayar ta motsa, galibi ka wuce gona da iri. Matsa shi ƙasa wajen leɓe yana ƙara tangaɗi, amma yana kusantar da kifin ga birgima. Ɗaga shi sama yana kwantar da shi. Wasu daga cikin naka wataƙila wannan kaɗai suke jira. Ka kuma duba ƙullinka: ƙullin da ya shaƙe idon yana kashe motsi, gara mai madauki, ko ƙaramin maɓalli na waya.

Biyun da suka sha ruwa

Itace tarin ƙananan bututu ne da bishiya ke jan ruwa da su, kuma sare ta ba ya hana su aikinsu. Bakunansu a kifinka suna hanci da wutsiya. Da ruwa ya samu ƙofa, itacen ya kumbura ta faɗinsa, fentin kuma ba ya miƙewa tare da shi, sai ya tsage, sabuwar ƙofa ta buɗe. Fenti a kan itacen da ba a toshe ba kitso ne da kwarkwata.

Ƙofofin sanannu ne: gindin wayar da ta fito daga jiki, cikin ramin leɓe, inda tsinin ƙugiya ke gogar gefen ciki yayin tangaɗi, da inda haƙorin kifi ya taɓa. Ramin leɓe shi aka fi mantawa, don ba a ganinsa. Ina toshe balsa da sufa gulu mai ruwa-ruwa, in shafa sau biyu ina gogewa da samfefa mai laushi a tsakani. Yana shiga itacen ya taurara fatarsa. Ka yi shi a inda iska ke wucewa, tururinsa yana yaji a ido. Katako mai ɗan ƙarfi kuma ina tsoma shi a varnish da aka tsinka, ko in shafe shi da ifoksi siriri, wato gam ɗin nan mai haɗi biyu da ke taurarewa kamar gilashi. Kafin duk wannan, itacen ya zama busasshe ƙayau. Wanda ke da sauran danshi a ciki, ranar da ka bar shi a rufaffen akwati cikin rana, da kansa zai tayar da fentin daga ciki.

Ga gwaji biyu da ba sa ƙarya. Ka tsoma shi a ruwan ɗumi: iskar da ke cikin itacen za ta buɗe, ka ga 'yan kumfa suna jerowa daga daidai inda ƙofar take. Na biyu, ka auna shi, ka danne shi a ruwa ya kwana, ka goge ka sake aunawa. Idan sikeli ya motsa, kada ka yi fenti.

Rufin ƙarshe ifoksi ne mai kwalba biyu. Ka guji mai kamawa a minti biyar, yana yin kauri kafin ya baje, kuma yana saurin komawa rawaya. Mai jinkirin ya fi, sai dai yana gangarowa ya taru a gefe ɗaya, kuma wannan tarin kaɗai ya isa ya karkatar da kifin da ka sha wahalar daidaitawa. Shi ya sa ake juya shi har ya kama. Na daɗe ina juyawa da hannu ina hamma, kafin na ciro injin da ke juya faranti daga wata matacciyar maikurowef, mai zagaye biyar ko shida a minti, na haɗa masa sanda da 'yan maƙalai. Ka auna kwalaben biyu yadda aka rubuta, ka gauraya sosai har gefen kofin, kuma kada ka taɓa fentin da yatsa kafin shafawa, maiƙon hannu yana sa ifoksin ya gudu ya bar ramuka.

Biyun nan naka ba su mutu ba, kuma su ne mafi daraja a cikin takwas ɗin, tunda sun yi iyo. Ka kankare fentin, ka ajiye su a inuwa mako ɗaya ko biyu kana aunawa har nauyin ya daina sauka, ka toshe, ka sake rufewa. Kafin nan ka kwafi siffarsu da ta leɓensu a kwali.

Katako, waya, fenti

Idan za ka sake zaɓar katako, balsa ya fi kowa rawa a ruwa kuma ya fi kowa rauni. Obeche, wanda masu wannan sana'a a Turai ke kira abachi, da sida, su ne tsaka-tsakin da nake ba mai farawa shawara: ba su da nauyi, wuƙa tana cin su, kuma suna riƙe ƙarfe. Katako mai nauyi ba abin yarwa ba ne, yana yin kifi marar leɓe mai nutsewa wanda ake fizga da sanda, amma wannan wani darasi ne.

A balsa kada ka yarda da ido mai sukurwa. Wani tsage ya koya mini wannan: ya kai cafka, sanda ta lanƙwashe, sai na ji sakayau, na janyo kifina lafiya lau amma babu ƙugiyar wutsiya, sai rami. Tun daga nan waya ɗaya nake ratsawa daga hanci zuwa wutsiya, da madauki uku a jikinta, na zare da na ƙugiyoyi biyu. Ina yin jikin gida biyu, in kwantar da wayar a tsakani, in haɗe da gam. Ko itacen ya farfashe a bakin kifi, yana nan maƙale da zarenka. Wayar ta zama ta ƙarfen da ba ya tsatsa, milimita ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan a wannan girman. Ƙugiyoyin kuma kada su kai ga juna, kada ta gaba ta kai ga leɓe, kuma ka sani duk ranar da ka canja girmansu ka canja daidaiton kifin.

Fenti ba zan daɗe a kansa ba, don a nan ka riga ka fi ni a farkona. Baya mai duhu, ciki mai haske, gefe mai ɗan ƙyalli, ya wadatar. Salatif ɗin alminiyom da aka danna a kan magagari yana fitar da zanen ɓawo mai kyau. Ja shi ne launin da ruwa ke fara haɗiyewa, bayan 'yan mitoci ya koma duhu-duhu. Sauran ƙawar don kanmu muke yi, kuma ba laifi ba ne, sha'awa ce ta kawo mu.

Sayen na kanti

Ka sayi ɗaya, mai girman waɗanda kake yi, ka mayar da shi malami. Ka auna shi, ka ga yadda yake zama a bokiti, ka ja shi kusa da naka ka ji bugunsa a kan sanda. Bayan haka ka koma ga wuƙarka.

Ban riƙe kifayenka a hannu ba, kuma aikina duk a ruwan daɗi yake, da ƙanana daga santimita biyar zuwa goma sha biyu. Manyan da ake ja a bayan jirgi a teku da gudu suna son waya da leɓe da lissafi na daban, kada ka ɗauki lambobina ka kai can. Ko a girmanmu ma lambobin mafari ne, don katako biyu daga allo ɗaya ba sa yin nauyi ɗaya, kuma ruwan gishiri ya fi na daɗi ɗaga abu, ruwan sanyi ma ya ɗan fi na ɗumi. Ni kaina a cikin goma nakan samu ɗaya ko biyu da suka ƙi, in rataye su a bango.

Shidan nan, ka fara da idon zare, shi ne mafi arha. Wanda bai ji ba, ka ɗaura masa dalma ta waje ka gani. Wanda har yanzu yana kifewa da sauri, ka rage masa leɓe. Wanda leɓensa ya karkace, ka yanke shi, ka cike ramin da katako da gam, ka sake yankawa. Na tara kuma, ka rubuta masa lamba da fensir a ciki, ka aiko mini da giram ɗin da ya ture a kofi, da nauyin dalmar, da nisanta daga hanci, mu duba tare kafin ka buɗe gwangwanin fenti.